Tarwaɗar da Aka Ce Saura Take Ci

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na cikin jirgin ruwa. Yaya ƙafar nan da ka ce tana damunka in ka daɗe tsaye a ɗakin inji? Mu nan duk lafiya lau. Maigidana Malam yana gaishe ka. 'Yan biyu kuma sun ce in tambaye ka ko har yanzu kana tuna kai kawun wasu ne, don ba su ga tsaraba ba.

Babban labari shi ne Gwaggo ta iso. Kamar yadda muka yi da kai, ni na je da kaina na ɗauko ta bayan masu gidan hayar sun karɓi makullinsu. Kayanta duka akwati ɗaya ne da keken ɗinki, Yaya. Matar da ta raine mu tun rasuwar Umma, ta yi zaman aure har mijin ya koma ga Allah, abin da ta fito da shi ke nan. Na yi ta kuka a mota, ita kuwa tana yi mini faɗa wai ina tuƙi ina share ido, zan kashe mu a banza.

Na ba ta ɗakin da ke kusa da falo, mai taga tana kallon titi. Amma ba na jin ta san launin bangonsa, don ba ta zama a ciki. Kafin in farka ta share matakalar bene har ƙofar maƙwabta. Ta wanke kayan makarantar yara, ta goge rigunan Malam har da cikin aljihu. Wallahi tun da ta zo ban taɓa tsintsiya ba, ban wanke ko cokali ba. In na dawo daga kantin magani sai in tarar ta jera faranti huɗu a tebur. In na ce ina naki, sai ta ce ai ita ta ci a kicin. Kai dai ka san Gwaggo.

Sai maganar amanar da ka bar mini. Tankin kifinka yana nan a falo inda ka ajiye shi, jajayen kifayen nan naka kuma sun ƙara ƙiba da rashin kunya. Ko inuwar mutum suka gani sai su taso sama baki buɗe. Gansakuka ce ta fara kama gilashin, tsakuwar ƙasa kuma ta yi datti. Shi ne surukinka ya tafi kantin masu sayar da kifin ado ya dawo da wata 'yar tarwaɗa a leda. Ba ta wuce ɗan yatsa ba, jikinta ɗigo-ɗigo, ga gashin baki kamar na tsohon ɗan sanda. Mai kantin ya ce masa ita ce mai shara, ba a ba ta abinci. Abin da ya faɗo daga bakin na sama shi take ci, ta share ƙasa tas. Malam ya shigo yana washe baki wai ya samo mana ma'aikaciya wadda ba ta hutu.

Tun da muka sake ta ta shige bayan famfon tace ruwa, ba ma ganin komai sai wutsiya. Gwaggo ce kaɗai ke cewa tana fitowa, amma ban san lokacin da take ganinta ba.

Ka kula da ƙafarka, ka daina yi mata taurin kai.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso da muka sauka tasha. Ina lafiya, ƙafa da sauƙi. Ki gaishe da Malam da yara.

Na karanta abin da kika rubuta sau uku, kowane karo raina ƙara ɓaci yake. Kin ce tun da Gwaggo ta zo ba ki taɓa tsintsiya ba, ba ki wanke ko cokali ba. Kuma kin rubuta shi kamar abin alfahari. Auta, Gwaggo muka ɗauko ko 'yar aiki? Matar da ta goya ki a baya tana taka keken ɗinki don mu ci, ita ce yau ke share matakalar maƙwabtanki? Da na san haka za a yi, da na kama mata ɗaki na sa a riƙa kai mata abinci, ta huta a ƙarshen rayuwarta. Faranti huɗu a gidan mutum biyar. Ke mai sayar da magani ce, ba sai na gaya miki yadda jikin tsohuwa yake in ba ta ci ba. Kin taɓa shiga kicin ɗin kin ga abin da ta ce ta ci?

Ita kuma tarwaɗar, mai kantin nan kasuwancinsa kawai ya yi. Jajayena ba sa barin ko ƙura ta kai ƙasa, wane saura za ta samu? Yunwa za ta kashe ta a bayan famfo kuna cewa tana aiki. Ku ba ta abinci.

An kira ni, inji na biyu yana ɗaukar zafi. Ki gaishe mini da Gwaggo sosai, ki ce ta zauna ta huta, umarnina ne.

Yayanki

*

Auta,

Sallama da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, don ni ban san komai ba.

Mun sauka tasha mun tashi, mun sake sauka. Kowane karo ana rabon wasiƙu a ɗakin cin abinci, a kira sunan kowa har da mai dafa mana abinci wanda ke cewa ba shi da kowa a duniya, ni shiru. Na gwada waya daga bakin tasha, ta shiga, ba ki ɗauka ba. Na kira Malam, ya ce kowa lafiya, sai ya kama ba ni labarin jarrabawar ɗalibansa. In surukina ya fara zancen jarrabawa ba tare da an tambaye shi ba, na san akwai abin da aka hana shi faɗa.

Na san fushinki. Tun kina 'yar ƙarama shiru ne makaminki, ki kumbura baki ki juya wa mutum baya har sai ya rantse da laifin da bai yi ba. To wannan karon na yi. Na rubuta waccan takardar da zafin ɗakin inji a kaina, ban sake karantawa ba na miƙa. Ke ce kika tuƙa mota kika je kika ɗauko ta, ni ina nan tsakiyar ruwa ina ba da umarni. Ki yi haƙuri.

Amma ki rubuto, ko zagi ne. Hankalina ba a kwance yake ba. Gwaggo lafiya kuwa?

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, in dai lafiyar jiki kake tambaya. Takardunka biyu sun iso. Ta farkon na karanta ta a bayan kanta a wurin aiki, sai da na shiga ɗakin ajiyar magani na yi kuka na wanke fuska. Ta biyun ce ta sa na ɗauki biro.

Ka ce ko zagi ne in rubuto. Ba zan zage ka ba, zan gaya maka abin da umarninka ya haifar, ya fi zagi.

Da farko kifi. Ka ce mu ba tarwaɗar abinci, ba ka ce yaya ba. Sai na yi lissafi irin na mai hankali: in jajayen nan suna cinye komai, to in zuba abin da ya fi ƙarfinsu, dole wani ya kai ƙasa. Na riƙa zuba garin abincin nan da hannu sake, safe da rana da yamma. Jajayen suka ci har suka riƙa iyo a karkace. Ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa a ciki, falo ya ɗauki wari. Wata safiya muka tarar da mai doguwar wutsiyar nan da kake ji da shi yana yawo a sama ciki a waje. 'Yan biyu sun binne shi a tukunyar fure. Tarwaɗar kuwa ko leƙowa ba ta yi ba.

Sai Gwaggo. Maganarka ta ƙona ni, don haka na ce sai na nuna maka. Na ɓoye tsintsiya a saman firij. Na kulle dutsen guga a ɗakinmu. Na ce daga yau ko kofi ba za ta ɗauraye ba. Ta yi ta bin gida tana neman abin yi, ta gyara labulen da ba abin da ya same shi, ta koma ta zauna a bakin gado hannu a cinya. Ban taɓa ganin hannuwan Gwaggo a ajiye ba, sai suka zama kamar ba nata ba.

Ban tsaya nan ba. Ranar hutu abokan aikin Malam suka zo da matansu. Na jawo Gwaggo na zaunar da ita a kan tebur, a kujerar Malam ma. Na cika mata faranti da shinkafa da nama har yana zuba, na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, “Gwaggo, yau sai kin cinye a gabana, kin daina ɓuya a kicin.” Suka yi dariya, ɗaya daga cikin matan ta ce kai, wannan tsohuwa ta yi sa'ar 'ya. Gwaggo ta ɗauki cokali ta kai baki sau biyu, ta ce alhamdu lillahi, ta miƙe.

Da baƙi suka tafi na same ta a ɗaki tana ninke kaya. Ashe maƙwabciyarmu ta sama ta taɓa yi mata maganar wasu 'yan uwanta a wani gari, suna neman wadda za ta zauna da mahaifiyarsu tana kula da ita, ɗaki da abinci. Gwaggo ta ce ta amsa, za su turo mota ƙarshen wata. Na tambayi maƙwabciyar, Yaya. Tsohuwar da za a kula da ita, Gwaggo ta girme ta.

Na durƙusa na ce me na yi miki. Ta ce, “Ba ki yi komai ba, 'yar nan, alheri kika yi. Amma kin karɓe mini aiki, kin kuma cika mini faranti a gaban mutane kamar wadda aka tsinto a titi. Ni abincin da ban yi wa aiki ba ba ya wuce mini maƙogwaro. Can aƙalla na san abin da nake ci.”

Da nake rubuta maka cewa ban taɓa tsintsiya ba, ba alfahari nake ba. Kuka nake kawo maka, don na rasa yadda zan yi da ita. Amma tambayarka ɗaya gaskiya ce, kuma ita ta fi yi mini ciwo. Ban taɓa shiga kicin na duba ba. Da na duba, abin da take kira ci shi ne ƙanzon tukunya da ragowar yara, kuma ka san 'yan biyu ba sa rage komai. Zanen da ta zo da shi yanzu zagaye biyu yake yi mata.

Ina tsoro, Yaya. In ta shiga motar nan, ba na jin za ta dawo. To ga ni ga ka, mai umarni.

Auta

*

Auta,

Sallama. Alhamdu lillahi da na ga rubutunki. Na karɓi faɗan, na kuma ji daɗinsa fiye da shirun. Allah ya jiƙan mai doguwar wutsiya, ya mutu a ƙoshe.

Maganar Gwaggo ta hana ni sukuni. Na zauna a bayan jirgi ina ta tunani, na rasa rana ɗaya da na taɓa ganinta zaune tana cin abinci. Kullum tana tsaye da ludayi. Ni da ke mun ɗauka hutu muke ba ta, ita kuwa kora ta gani. Ki sauko da tsintsiyar daga saman firij, kada ki ce komai, ki jingine ta inda take a da. Kuma kada ki roƙe ta ta fasa tafiya. In kika roƙa za ta ƙara ɗaure akwati, kin san hali.

Yanzu ki saurari maganar tanki da kyau, don abin da ya kamata in rubuta tun farko ke nan.

Ki tsayar da abincin jajayen na ɗan lokaci, ba abin da zai same su. Ki kwashe kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan ki zuba sabo, amma wanda ya kwana a bokiti, ba kai tsaye daga famfo ba. Ki maimaita har ruwan ya washe.

Ita tarwaɗa bakinta a ƙasa yake, ba ta iya tasowa ta yi kokawa da masu haɗama. Abincinta daban ne. Malam ya koma kantin ya ce a ba shi mai nutsewa, yana nan fale-fale kamar maɓallin riga. Kuma ba ta cin abinci da haske. Sai bayan magariba, a fara zuba wa jajayen nasu kaɗan a can ɗaya gefen, a kashe fitilar tanki da ta falo, a ɗan jira. Sannan a samu guntun bututu a zura har ƙasa kusa da inda take ɓuya, a saka maɓalli ɗaya ta ciki. Ɗaya tak, Auta, na san hannunki. Da safe in akwai saura a cire. Wani lokaci a yanka kokwamba siriri a soke da ƙaramin cokali don ya nutse, tana so.

A sa mata wurin ɓuya na kirki, ko fasasshen kofin tangaran ne a kife, ba bayan famfo ba. Kada a taru a kanta ana ƙwanƙwasa gilashi. In ta san ba a kallonta za ta fito. Ba lallai ta ci a daren farko ba, kada ku karaya. Ranar da ta manne a gilashi ku dubi cikinta. In ya lotsa, da saura. In ya ɗan taso, an gama.

Amma ba ke za ki yi ba. Lokacin kina kanti, kuma kin riga kin kashe mini ɗaya. Ki kai wa Gwaggo wannan shafin ki ce Dogo, kamar yadda take kirana, ya ce amanarsa tana hannunta. Ba dabara nake yi ba, ko kuma ba dabara kaɗai ba. Aikin yana son mai haƙuri, kuma a gidan nan ita kaɗai ce.

Ki rubuto da wuri.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ruwan tanki ma lafiya, ya washe har kana ganin bangon bayansa. Yaya ƙafa? Ba ka ambace ta ba a takardarka, wato ta tashi ke nan.

Na kai wa Gwaggo shafin. Ta sa tabarau ta karanta a hankali, bakinta na motsi. Da ta kai inda ka ce na san hannunki sai ta yi 'yar dariya, ta farko tun ranar baƙin nan. Ta ce, “To, kafin motar ta zo zan riƙe masa.” Na ji maganar har cikin ƙashina amma ban roƙe ta ba, kamar yadda ka ce.

Ka ba Gwaggo mulki, Yaya, kuma ta riƙe shi da hannu biyu. Da an idar da sallar magariba falo ya zama nata. Malam da labaransa na talabijin an kore su zuwa ɗaki. 'Yan biyu in za su wuce sai da sanɗa. Ita da kanta ta zaɓi kofin da za a fasa, kuma sai ta zaɓi wanda aka ba Malam kyauta a makaranta, wai dama bakinsa ya tsage. Ya buɗe baki zai yi magana ta dube shi ta saman tabarau, ya ce ai dama ya gaji da kofin. Ta goge bakin fasasshen da dutse don kada ya yanki tarwaɗar. Bututun kuwa wanda ake rataye tsohon labulen banɗaki a kai ne ta ciro.

Daren farko da safe muka tarar da maɓallin yadda aka saka shi, ya jiƙe ya kumbura. Na biyu ma haka. Na ce ko ta mutu ne. Gwaggo ta ce, “Ba ta mutu ba, ba ta yarda ba ne tukuna. Wanda aka daɗe ba a ba shi ba, in ya ga abu a gabansa sai ya ɗauka na wani ne.” Ta faɗe shi tana kwashe maɓallin da cokali, ko kallona ba ta yi ba.

Ga abin da nake so in ba ka labari. Ranar nan na taso daga kanti a gajiye, ko abincin rana ban ci ba. Na shigo falo duhu, sai hasken fitilar titi ta labule. Gwaggo tana kan 'yar kujera a gaban tanki. Na kai hannu zan kunna wuta ta ce kul. Yunwa kuma ba ta bar ni in jira ba, sai na lallaɓa kicin na zubo soyayyen dankali da ƙwai, na dawo na zauna a ƙasa kusa da ita, na ajiye farantin a tsakaninmu don ba ni da wurin ajiyewa. Wallahi ban shirya komai ba.

Muna nan zaune sai ga gashin baki ya leƙo daga cikin kofi. Ya koma. Ya sake leƙowa. Sai ga ta gaba ɗaya, tana tafe tana shinshina tsakuwa, ta tsaya, ta matsa, har ta hau kan maɓallin ta rufe shi da baki. Gwaggo ta kama hannuna ta matse. Ta ce wa tarwaɗar a hankali, “Ci, 'yar nan, naki ne. Ba mai karɓewa.”

Idonta na kan tanki, sai na ga ɗaya hannun nata ya sauka cikin farantina ya ɗauki dankali. Ta kai baki. Ta sake ɗauka. Yaya, na kafe idona a kan kifin nan kamar ban taɓa ganin kifi ba, hawaye na zuba, ba halin sharewa kada ta lura. Muka cinye farantin tas mu biyu.

Washegari na zo da cokali biyu, na ce ni ba na iya cin abinci ni kaɗai a duhu. Ta ce tun ina yarinya ni matsoraciya ce, ta karɓa. Yanzu kullum haka muke. Na daina ci a tebur da su Malam, ina jira sai an kashe fitila. Ina ƙara yawan abin da nake zubowa kaɗan-kaɗan. Tsintsiya ta koma wurinta, amma mun raba: ita falo, ni matakala.

Jiya tarwaɗar ta manne a gilashi, Gwaggo ta kira mu duka mu gani. Cikin ya taso ɗan dumɓul. Malam ya ce zai je ya gaya wa mai kantin nan magana, Gwaggo ta ce ya bari, shi ma haka aka gaya masa.

Sai dai akwatin yana nan a ɗaure a bayan ƙofa, kuma wata ya kusa ƙarewa. Maƙwabciya ta tare ni a matakala ta ce mutanen sun kira suna tambaya. Ban ce wa Gwaggo komai ba, ita ma ba ta ce ba. Ka taya ni addu'a, don haƙurina ba irin nata ba ne.

Auta

*

Dogo,

Assalamu alaikum. Ni ce Gwaggonka, da hannuna nake rubutawa, in ka ga layin ya karkace tabarau ne. Ina lafiya. An ce ƙafarka tana ciwo kana ɓoyewa. Ka riƙa ɗora ta a kan wani abu in ka kwanta, kuma ka nuna wa likitan jirgin, ba na son gardama.

Amanarka tana lafiya. Tana cin maɓallinta, tana son kokwamba fiye da kima, har ta fara fitowa tun kafin a kashe fitila. Jajayen naka kuwa ba su da tarbiyya, ban san wa suka biyo ba.

Kai da ƙanwarka kun ɗauka ban gane ba. Ni na yi muku wanka, Dogo. A kashe fitila, kada a kalle ta, a ba ta kaɗan-kaɗan. Ita kuma waccan ta zauna kusa da ni tana kuka a duhu tana jan hanci, wai ita a dole ba na ji. Farantin da ake zubowa kullum yana ƙara tudu, wai ban lura ba. To ku sani ni ba kifi ba ce. Na dai bar ku ne don na ga abin yana yi muku daɗi.

Motar ta zo shekaranjiya. Yaron tsohuwar da kansa ya zo, mutumin kirki, ya gaishe ni har ƙasa. Na ba shi shayi, na ba shi haƙuri, na ce ina da aiki a nan wanda ba zan iya bari ba. Ya ce wane aiki ne, Mama. Na nuna masa tanki. Ya dube ni ya dubi Auta, ina jin ya tafi yana godiya ga Allah da bai kai wa uwarsa mahaukaciya ba.

Amma kai zan gaya maka gaskiya, ba don kifi na zauna ba. Tsoro ne ya sa na ɗaure kaya. Ban haifa ba, mijina ya tafi, ba ni da ko bango da zan ce nawa ne. Na ce in ban yi aiki ba, da wane suna zan zauna a gidan mutane in buɗe baki in ci? Tun ina budurwa nake zuba wa wasu abinci, ba wanda ya koya mini yadda ake zama a zuba maka. Da nake zura wa 'yar tarwaɗar nan abincinta, ban taɓa tambayar ko ta yi shara ranar ba. Ina ba ta ne don tana gidan, kuma ina so ta rayu. Sai na ce to, wataƙila yaran nan ma haka suke nufi. Yana da wuya, amma ina koyo. Jiya a tebur na ci, da rana tsaka, har na ce a ƙara mini miya. Malam ya tashi da gudu ya kawo tukunyar gaba ɗaya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. A rayuwata ban taɓa cewa wani ya saya mini abu ba, kuma na ga gara in fara da kai, tun da kai ne mai yawan umarni. In kun sauka tasha ka shiga kasuwa ka sayo mini takalmi mai laushi, irin wanda ake yawo da shi a titi ba don an aiki mutum ba. Lambata talatin da tara.

Ja nake so. In ka kawo baƙi, kai za ka sa.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Gwaggonka